Saƙo daga Faransa: ampilin da zai jure zafi da wutar Damagaram

Salamu alaikum ƴan uwa mutanen Damagaram. Da yawanku suna tambayarmu, mu da ke Faransa, wane ampili ya kamata a aiko don falo, irin mai tsadar nan da ya haɗa sashen zaɓen sauti da sashen ƙarfi cikin akwati ɗaya.

A nan ba a sayen irin wannan kaya a tsaye. Shago yana da ɗakin saurare: a rufe ƙofa, a jona maka ampili biyu ko uku a kan baf iri ɗaya, ka sa waƙar da kunnenka ya saba da ita, ka zauna ka ji bambanci. Doka ta ba sabon kaya garanti na shekara 2, in kuma ta intanet ka saya kana da kwana 14 na mayarwa. Yuro 3,000 da ake biya, kusan sefa miliyan 2 ke nan, har da wannan hidimar a ciki. Ita kuwa hidimar ba ta shiga kwali. Ranar da ampili ya sauka Birni ko Zengo, in ya samu matsala mai shago zai ce a kawo masa shi nan, ga kaya mai kilo 20 zuwa 30. Don haka zaɓenmu ba irin na Bature ba ne.

A fara duba bayan ampili. Na Turai 230V ne, ya dace da wutarmu. Na kasuwar Amurka 120V ne, na Japan 100V. Ampilin kamfanin McIntosh ko Accuphase da aka samo a can da araha, in aka jona shi kai tsaye, taransifoma ce za ta fara ƙauri.

Sai batun zafi, wanda a ganina ya fi komai. Ampili aji-aji ne bisa yadda aka ƙera cikinsa: A, AB da D. Ampili mai aji A, da masu kunne suke yabo, yana iya shan wat fiye da 150 ko ba a sa komai ba, kuma kusan duka zafi yake zama. A ɗaki a birnin Liyon na Faransa cikin sanyi wannan ba laifi. A watan Afrilu, lokacin da gari ya haura digiri 40, kashe kaya ne, domin kondansatan da ke ciki rayuwarsu tana raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 10. In ba ɗaki mai kilim ba, a haƙura da shi, haka ma mai fitila, wato mai kwalaben gilashi a maimakon taransista. Aji D ba ya zafi sosai, ba ya shan wuta da yawa, amma in ya lalace sai dai a sauya allon gaba ɗaya. Ni aji AB nake ba da shawara, irin na Atoll da ake ƙerawa a Normandi nan Faransa, ko Yamaha, ko Rotel. Taransistocinsa a fili suke, ƙwararren mai gyaran rediyo a kasuwar Dole ko Kano zai iya bin su da mita. A haɗo masa da takardar zanen cikinsa da fis da taransista na ajiya, don jabun taransista ya yi yawa.

Kada lambar wat ta ruɗe ku. Abin nan da ake rubutawa a kwalin rediyon kasuwa, 5000W PMPO, ba ma'auni ba ne. A nemi wat na ainihi a kan om 8 da om 4, wato ma'aunin turjiyar baf ga wuta. Wanda ya ba da 100 a om 8, ya hau 160 ko fiye a om 4, cikinsa da ƙwari. Ninka wat kuma desibel (dB) 3 kawai yake ƙarawa a ƙarfin sauti, shi ya sa baf mai 90 dB ke buƙatar rabin ƙarfin da mai 87 ke nema. Ƙaramin ampili da aka murɗa har ƙarshe ranar suna ko biki shi ne ke ƙona ƙaramin bakin baf.

A cikin kasafi a ware kuɗin regilater mai ƙarfin da ya ninka abin da aka rubuta a bayan ampili. In an ɗauke wuta a zare fulogi, don dawowarta ce ke ɓarna. Mai sola ya tabbatar inbatarsa mai tsabtatacciyar wuta ce, in ba haka ba taransifoma za ta riƙa gurnani tana zafi. A bar santimita 15 a samansa, kada a tura shi cikin kabad, a rufe shi da ƙyalle lokacin hunturu in ya huce, saboda ƙura ce ke sa maɓallin murya ƙarar-ƙarar.

Na hannu a nan yana da kyau, a shafin intanet na Leboncoin ana samun wanda aka riƙe da daraja. Wanda zai saya muku ya tafi da mita: a kunna, a rage murya gaba ɗaya, a auna DC, wato wuta irin ta batir, a bakin wayar baf. In ya wuce milibolt 50 yana buƙatar gyara, a nemi ragi ko a bar shi.