Gargaɗi ga masu tsofaffin kekunan ɗinki: a kula da masu yawon neman jar zaiba

Assalamu alaikum jama'a, musamman teloli da iyayenmu mata na ƙauyukan Ringim, Taura, Garki da kewaye. Tun bayan girbi wasu mutane suka shigo yankin nan suna bi gida-gida suna cigiyar tsohon keken ɗinki ƙirar Singer. 'Yan damfara ne. Ni gyaran keke ne sana'ata, ranar Lahadi a kasuwar Gujungu nake baza kayana, kuma kawunan keken da suka bi ta hannun mutanen nan a gabana suke ƙarewa. Shi ya sa na ga shiru ba zai yi ba.

Su biyu suke aikin, amma ba za ka taɓa ganin su tare ba. Na farko yakan zo cikin shadda mai sheƙi, a mota, ya yi sallama da ladabi har ƙasa. Sai ya ce wai wani kamfani ne a Turai ya aiko shi, domin tsofaffin kekunan Singer akwai jar zaiba a cikin ƙarfen da ke riƙe allura, kuma tana da tsadar da ta fi zinariya. Idan aka fito masa da keken gidan, sai ya kara wayarsa kusa da allura, ya juya kan, ya leƙa ƙasa, sannan ya girgiza kai. "Kash, Hajiya, naki bai kai ba. Amma in Allah Ya sa kin samu baƙi mai zanen ruwan gwal, wanda in an kara masa waya sabis ke ɗaukewa, ni zan saya naira miliyan biyu, kuɗi hannu." Ya bar lambar waya, ya ajiye kuɗin goro, ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki sai na biyun ya bayyana a kan babur, da kan keke a cikin buhu, fuska a marairaice. Wai gadon mahaifiyarsa ne, yana da mara lafiya a asibiti, ko nawa ne a ba shi. Keken baƙi ne, zanen ruwan gwal sai walƙiya yake, ya kara wayarsa sabis ya ɗauke. Hajiya ta sa jikanta ya kira mai shadda, ya ce, "Don Allah Hajiya ki riƙe shi, kada ya kuɓuce, ina Kano, gobe da sassafe ina tafe." Daga nan sai a kama awaki a kai kasuwa, a karɓo kuɗin adashi, wata har da ɗan kunnen 'yarta. Washegari waya a kashe. Wata dattijuwa da aka kawo min nata, abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ɗan nan, duba min, ko dai akwai abin a ciki?" Na kwance shi gabanta. Tsohon keken Chaina ne da ya gama aiki, aka fesa masa fenti aka manna sunan Singer.

Maganar jar zaiba ba sabuwa ba ce, kuma ba a nan aka fara ta ba. A 2009 wannan jita-jitar ta kama Saudiyya, mutane suka yi ta rububin tsofaffin kekunan Singer, farashi ya yi tashin gwauron zabo, har aka riƙa fasa shagunan teloli. Gwajin da aka yi amfani da shi a can shi ne wannan dai na kara waya kusa da allura. Ba a samu komai ba, domin babu komai ɗin. Ƙarfen allura sandan ƙarfe ne zalla. Na sha cire shi da hannuna. Batun ɗaukewar sabis kuwa, wayar tasa ce, yatsansa ne a kanta, kuma kowane yaro ya san inda ake dannawa waya ta daina kama sabis. In kana son ka ga ya canza fuska, ka ce a gwada da taka wayar.

Akwai wata hanyar kuma da ta fi ba ni haushi, domin ita ba ta da hayaniya. Sai a zo wa tsohuwa da sabon keke a kwali, fari fes, a ce a yi musaya da tsohon nata "da ya tsufa". Ta ba da kan Singer na asali wanda ya ɗinke kayan ɗakin 'ya'yanta duka, ta karɓi mara nauyi mai haƙoran roba a ciki, wanda ko bargo ɗaya ba zai gama ba. Su kuma su kai nata birni su sayar wa telan da ya san darajarsa.

To yaya ake gane na asali? Sunan da ke jikin hannun keke ba hujja ba ne, ana sayar da takardar mannawa. Tambarin tagulla ma ana cirowa daga mataccen keke a dasa. Abin da za ka fara dubawa shi ne lambar da aka buga cikin ƙarfe a gadon keken, ta gaba, hannun dama, gindin ginshiƙi. Bugawa aka yi, ba rubutun fenti ba, kuma ba a kan wani faranti da aka liƙa jiya ba. Akasarin tsofaffin Singer da nake gani a ƙasar nan daga masana'antar Clydebank ta Sikotilan suka fito, wadda aka rufe a 1980. Unguwar da take ana ce mata Kilbowie, shi ya sa ake ganin harafin K a sunayen ƙirarta: 15K, 66K, 99K, 201K. A na Clydebank, lambar gadon da ta fara da Y ta shekarun 1920 ce zuwa 1935, wadda ta fara da EA, EB da sauransu kuwa daga 1935 ne zuwa gaba. Na masana'antar Elizabethport ta Amurka da yawa suna farawa da G, daga baya AA, AB. In ka ga lamba babu harafi ko ɗaya, keken ya riga shekarar 1900. Kamfanin kansa a 1851 aka kafa shi, don haka duk wanda ya ce maka kekensa ya shekara ɗari uku, ka san da wa kake magana.

Sai ka kwantar da kan ka duba cikinsa. A kan sassan Singer na da za ka ga an buga kalmar SIMANCO da lambobi. Amma a nan a yi adalci: keken da ya shekara saba'in yana aiki, da wuya a ce ba a canza masa ƙoshiya ko wani ƙarfe ba, don haka rashin tambarin a sashe ɗaya ba ya nufin jabu ne. In babu shi ko'ina, to shi ne magana. Ka shinshina kuma. Sabon fenti yana da wari, kana iya ganin inda ya hau kan kusoshi da bakin ramukan mai. Zanen ruwan gwal na tsohon keke yakan goge a gadon, daidai inda yadi da hannun tela suke wucewa. Keken da aka ce na kaka ne amma zanensa ko ƙwarzane babu, akwai alamar tambaya.

Abin da ke sa damfarar ta yi sauƙi shi ne, Butterfly na Shanghai da kekunan Japan da aka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu akasarinsu a kan tsarin Singer 15 aka ƙera su. Sura ɗaya, abin daidaita ƙarfin zare a fuskar hagu, kwarkwaro iri ɗaya, allura iri ɗaya. Ba kushe Butterfly nake yi ba, shi ya rufa wa yawancin telolinmu asiri, kuma in yana da lafiya ɗinkinsa ba laifi. Laifin a sayar da shi da sunan da ba nasa ba, a kan kuɗin da ya ninka nasa sau da yawa.

Wani lokaci mai shaddar yakan nuna hoto a waya, wai ga yadda Turawa ke sayen tsohon Singer da daloli. Hoton yawanci na ƙaramin keke ne mai suna Featherweight, ƙira ta 221, da aka fara yi a 1933. Na lantarki ne, jikinsa alminiyom, nauyinsa wajen kilo 5, ko maganaɗisu ba ya kama jikinsa. Matan Amurka masu ɗinkin bargon ƙyallaye suna son sa don ana ɗauka a tafi da shi taro, kuma ɗinkinsa miƙaƙƙe ne. Wannan daban, kan keken ƙafa na baƙin ƙarfe da ke ɗakin Inna daban. Irin namu an ƙera miliyoyi, a can ma suna nan jibge, ba wanda zai biya kuɗin jirgi ya ɗauko daga Jigawa.

Darajar tsohon keke a nan gida take, kuma babba ce. Matan da ke tara ragowar atamfa da shadda daga shagunan teloli suna harhaɗawa, su sa auduga ko soso a tsakiya su yi bargon sanyi, ko masu zanen gado na amare, su suka san haka. Ninki uku, wani wurin huɗu in an zo gaɓa, tsohon 15K yana hawa ya wuce ba gardama, kuma ba ya jiran a kawo wuta. In za a yi irin wannan aikin, a sa allura lamba 16 ko 18, a ƙara tsawon ɗinki, a ɗan sassauta dannin ƙafar da ke riƙe yadi don kada na sama ya tattare. Auduga tana zubar da gashi sosai, sai a riƙa cire farantin allura ana share tsakanin haƙora, balle yanzu da ƙurar hunturu ta haɗu da shi.

Tun da na zo nan bari in faɗi abin da ke kashe kekunan fiye da 'yan damfara: man gyaɗa. Ana ɗiga shi da kyakkyawar niyya, ya bushe ya zama danƙo, keke ya ƙage. Baƙin man inji ma ba nasa ba ne. Farin man keke kawai, ɗigo ɗaya a kowane rami. Wanda ya riga ya ƙage a jiƙa gaɓoɓinsa da kananzir, a bar shi ya kwana, a juya a hankali, sannan a sa mai. Kada a wanke jikinsa da fetur ko omo ko sifirit, zanen zai tafi. Tsumma mai laushi da ɗan man keke ya isa. Kuma don Allah a daina fasa ƙarfen allura da guduma ana neman zaiba. An kawo min wani 66K mai kyau da 'ya'yan gidan suka yi wa haka da kansu bayan sun ji labari.

Duk wanda mutanen nan suka zo masa, kada ya ba da keke, kada ya saya, kada ya tura kuɗin kafin alƙalami ta waya. Ya ce su jira a kira mai gida ko wani tela da ya san keke. Ya riƙe lambar motar da lambar wayar, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, a kai maganar ga 'yan sanda. Ina roƙon limamai su ambata bayan sallar Juma'a, matasa masu waya kuma su karanta wa iyayenmu mata wannan a cikin gida, domin su ake nufa, kuma da rana ake zuwa lokacin da maza suna gona ko kasuwa. Na ji an ce sun fara leƙawa wajen Maigatari da Ɗambatta, mutanen can su ma a faɗa musu.