Tagwayen taurari: auna dusashewar haske ko rarraba launukansa?

Ana yawan tambayata wace hanya ta fi wajen nazarin tagwayen taurari masu yi wa juna husufi, wato taurari biyu da ke zagaya juna, ɗaya yana tare hasken ɗayan.

Auna dusashewar haske ya fi araha, ƙaramin madubin hangen nesa da kyamara sun wadatar. Misali, tauraron Algol, wanda irin waɗannan tagwayen ne, yakan dushe duk kwana 2.87, ido ma yana gani. Daga wannan dusashewar ake gane tsawon zagayen tagwayen, karkatar falakinsu, da girman kowanne gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu. Sai dai akwai kwanan zaune, gajimare kuma yakan ɓata aikin dare guda.

Rarraba hasken zuwa launuka kuwa yana bayyana gudun taurarin, kuma da shi ake lissafa nauyinsu. Na'urarsa akwai tsada, tana kuma buƙatar babban madubi.

Hanyar farko ta dace da mai sha'awa da ɗalibi. Ta biyu ta mai neman ainihin nauyi ce, shi ma sai ya haɗa da ta farkon.