Revit da Jadawalin Bayanan Fili: Inda Ya Yi Ƙoƙari da Inda Ya Gaza

Mai zanen gini da ke kai takardunsa neman amincewar hukumar tsara birane, ko KNUPDA ce a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ya san ɗan jadawalin nan da ake ɗorawa a gefen taswirar fili, wanda ke ɗauke da girman fulotin, da yawan wurin da ginin ya cinye, da tazarar da aka bari tsakanin bango da iyaka ta kowace fuska, da yawan hawa, da guraben ajiye motoci. Jadawalin ƙarami ne, amma a cikinsa ake gane ko zanen ya bi ƙa'idar unguwar ko ya saɓa mata. A kan wannan aiki kaɗai nake son auna Revit, manhajar zanen gini ta kamfanin Autodesk.

Revit ya fito a shekarar 2000, Autodesk kuma ya saye shi a 2002, kuma tun asali an gina shi ne bisa tunani guda, wato kowane jadawali ƙidayar abin da ke cikin samfurin ginin ne. Ta wannan fuska ba shi da makusa. Idan aka ɗauko takardar safiyo, ana iya shigar da iyakokin fili ta hanyar rubuta tsawon kowane gefe da kusurwar da ya fuskanta, layi bayan layi, kamar yadda suke a takardar. Manhajar takan nuna ko iyakar ta rufe, idan kuma ba ta rufe ba sai ta faɗi ratar da ta rage, kuma ba ta bayar da girman filin sai layukan sun haɗu. Wannan taka-tsantsan abin yabo ne, domin yakan tona kuskuren kwafe lamba tun kafin a aza bango ɗaya. Haka nan, da zarar an shata faɗin kowane hawa a taswirar awon gini, adadin murabba'in mitocin yana biye da zanen, ta yadda idan mai gida ya dage sai an faɗaɗa falo, lambar da ke kan takarda za ta sauya da kanta.

Matsalar tana farawa ne daga yanayin jadawalin kansa, domin rabi biyu gare shi. Rabi ɗaya shi ne abin da zanen ya tanadar, wanda yake cikin samfurin. Ɗaya rabin kuwa shi ne abin da doka ta yarda da shi, wanda ke rubuce a kundin hukuma, ba bango ba ne ba kuma taga ba, saboda haka Revit ba shi da abin da zai ƙirga. Jadawalinsa na yau da kullum ba ya barin mutum ya ƙara layi ya rubuta abin da yake so kamar yadda ake yi a Excel. Dabarar da masu aikin suka fi bi ita ce aron wani nau'in jadawali mai suna Key Schedule, wanda aka tanada don wata manufa dabam amma yake karɓar layukan da aka ƙara da hannu. Yana fitowa tsaf a kan takarda, sai dai duk lambar da ke cikinsa rubutun hannu ce, ba ta da labarin abin da ke faruwa a zanen. Wasu kuma zana layuka suke yi su cike da rubutu, wanda a ganina komawa zamanin AutoCAD, manhajar zanen layuka, ne bayan an biya kuɗin Revit.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne lissafin kaso. A ɗauki fuloti mai mita 15 da 30, wato murabba'in mita 450, da gini mai hawa biyu da kowane hawa ya ci 180. Ɗalibin aji ɗaya zai ce ginin ya rufe kashi 40 cikin ɗari na filin, jimillar faɗin hawa biyun kuma idan aka raba ta da girman fili ta ba da 0.8. Revit ba ya yin wannan kai tsaye, saboda girman fili yana wani rukuni, faɗin gini yana wani, kuma lissafinsa a kan kowane layi yake gudana, ba a kan jimillar da ke ƙasa ba. Mafita ita ce a rubuta 450 ɗin a matsayin bayani na musamman da kowane layi zai ɗauka, a raba faɗin kowane hawa da shi, sannan a bar manhajar ta tara sakamakon. Dabarar tana aiki, amma ranar da safiyo ya sake awo filin ya ragu, layin iyaka zai gyaru a zane alhali lambar da aka rubuta tana nan yadda take, kuma babu wani gargaɗi da zai fito. Kuskure irin wannan ya fi na rubutun hannu haɗari, domin kowa a ofis yana zaton kwamfuta ce ta lissafa.

Wanda ya iya Dynamo, manhajar tsara umarni da ke zuwa tare da Revit, yana iya sa ta ɗauko girman fili ko ta karanto ƙa'idoji daga Excel ta zuba su inda ake so, akwai kuma ƙarin manhajoji na saye masu wannan aiki. Ƙaramin ofis mai ma'aikata biyu ko uku, wanda tuni yake fama da kuɗin hayar manhajar na shekara da ake biya da dala tun da Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin a 2016, ba lallai ne ya sami lokacin koyon hakan ba. Archicad na kamfanin Graphisoft da ke Hungary ma bai zo da jadawalin ƙa'idojin unguwa a shirye ba, don haka sauya sheƙa saboda wannan dalili kaɗai ba dabara ba ce.

Shawarata ga ofishin da ke amfani da Revit ita ce ya raba jadawalin gida biyu a cikin fayil ɗin da yake fara kowane aiki da shi, ya jera su kafaɗa da kafaɗa a kan takarda: na ƙa'idar hukuma da aka rubuta da hannu, tare da ambaton inda aka samo ta, da na awon gini mai biye da zanen. Tazarar iyaka kuwa gara a nuna ta da layin awo a kan taswirar kanta, tunda shi yana motsawa tare da bango. Kafin a buga takardun, sai wani ya gwada girman filin da ke layin iyaka da wanda aka rubuta a cikin lissafin.