Hattara da mai tallar kayan sanyaya katin hoto da ruwa

Assalamu alaikum. Wannan saƙon na 'yan uwa ne masu aiki da kwamfuta a Garwa, Marwa da Ngaundere, musamman samarinmu masu tace bidiyon biki da masu wasan gem. Ni mai gyaran kwamfuta ne a nan Garwa, kuma abin da zan faɗa a kan teburina ya ƙare, ba ji na yi a bakin wani ba.

Akwai wani da ke yawo da talla a zaurukan WhatsApp da Facebook, yana cewa yana Dwala, yana da cikakkun kayan sanyaya katin hoto da ruwa, wato katin da ke sarrafa hoto da bidiyo a cikin kwamfuta: farantin da ake ɗaura wa kati, famfo, lagireto, tiyo da ruwan zubawa. Sunansa da lambarsa canzawa suke yi, shi ya sa ba zan wahalar da ku da su ba. Maganarsa ce ba ta canzawa. Wai farantinsa yana shiga kowane irin kati, wai zai riƙe maka kati a digiri 20 ko da a watan Afirilu ne, wai idan ka ƙara wa katin gudu zai ninka aikinsa.

Ɗan yayata ya faɗa hannunsa. Yaro ne mai neman na kansa, ya yi shekara yana tara kuɗin aikin bukukuwa kafin ya sayi katin hoto na hannu, RTX 3080 na kamfanin NVIDIA. Katin nan wat 320 yake ci, kuma duk wanda ya zauna a Garwa ya san yadda Maris da Afirilu suke, rana ta wuce digiri 40, ɗaki kamar tanda. Fankokin katin suna ta kuka, aiki yana tafiyar hawainiya. A wannan halin ya ga tallar. Ya tura sefa dubu 40 kafin alƙalami ta waya, da aka turo masa hoton kwali da takardar ajans, wato kamfanin motar da zai kawo kayan, ya cika dubu 45. Kaya kuwa sun iso, wannan shi ne abin da ke ruɗar mutane, don ba irin ɓarawon da ke kashe waya nan take ba ne. Kwana tara da haɗawa, da daddare ya buga mini waya: "Kawu, allo ya yi baƙi, kuma ina jin ƙauri." Na ce masa, "Ɗana, zare wuta daga bango, kada ka sake taɓa komai sai na gani."

Da na kwance, sai da raina ya ɓaci. Farantin da aka ce jan ƙarfe ne, alminiyam ne aka shafa wa fenti. Na karce gefe da wuƙa, fari fat ya fito. Ko a hannu ma za ka gane, domin jan ƙarfe ya fi alminiyam nauyi sau uku da ɗoriya. Kada wani ya ce maka a gwada da maganaɗisu, duka biyun ba ya kama su. Famfon irin na tankin kifin ado ne. Tiyon ba shi da maɗauri na kirki, zafi ya sassauta shi, ruwa ya riƙa ɗiga a kan allon katin har ya gama da shi.

Amma babbar ƙaryar ita ce ta "kowane kati". Farantin gaskiya ana ƙera shi ne daidai da allon kati guda, saboda ba ƙwaƙwalwar tsakiya kaɗai ke zafi ba. Ƙananan ma'adanan bayanai da ke kewaye da ita, da sashen da ke daidaita wuta, duk sai an taɓa su da faifan ɗaukar zafi mai kaurin da ya dace. Ko RTX 3080 ɗin ma, na Asus daban, na MSI daban, na Gigabyte daban. Nasa farantin tsakiya kawai ya rufe, ya bar sauran tsirara bayan an cire musu fanka. Wato da ruwa bai zuba ba ma, zafi ne zai ci katin a hankali.

Batun digiri 20 kuwa, ruwa ba ƙanƙara ba ne. Aikinsa ya kwashi zafi daga kati ya kai lagireto, fanka ta hura shi cikin iskar ɗaki. Idan ɗakinka yana digiri 38, ruwan ba zai taɓa sauka ƙasa da 38 ba, sai dai sama. Ninka gudu ma babu shi. Katunan NVIDIA na yanzu da kansu suke ƙara gudu idan sun sami sanyi, su rage idan sun ji zafi, abin da za ka ƙara da hannu a manhajar MSI Afterburner ɗan kaɗan ne. Ribar ruwa ta gaskiya ita ce kati ya daina ja da baya, ƙara kuma ta ragu.

Ban ce sanyaya kati da ruwa ƙarya ba ne. Masu yi da gaske suna tambayarka cikakken sunan katinka kafin su faɗi farashi. Ba sa haɗa alminiyam da jan ƙarfe a hanyar ruwa ɗaya, don ɗaya yana cinye ɗaya har ya toshe faranti ko ya huda shi. Tataccen ruwa suke zubawa da maganin hana tsatsa, ba na rijiya ko na Binuwai ba. Sannan famfo kaɗai suke kunnawa ya kwana ya wuni, sauran kwamfutar a kashe, an shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin kowace mahaɗa don a ga yoyo. Wannan mutumin ko ɗaya bai faɗa wa yaron ba. Da aka nuna masa hoton katin, cewa ya yi laifin mai haɗawa ne, washegari ya toshe lambar.

Ni a ganina, yawancinmu a nan ba ruwa muke buƙata ba. Ƙurar hunturu ce ke toshe mana katuna. A hure ta, a sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya, a buɗe wa akwatin hanyar iska, a ɗan rage wa kati ƙarfin wutar da yake ja. Na sha yin haka zafi ya sauka a gaban mai kaya.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge komai. Ya adana hirar, da saƙon shaidar tura kuɗi, da takardar ajans, da kayan kansu, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma. Kamaru tana da dokar laifukan intanet tun Disambar 2010, kuma hukumar fasahar sadarwa ta ANTIC tana karɓar irin waɗannan koke-koke. Mu mun kai namu. Wanda kuma kayan suka iso masa bai haɗa ba tukuna, don Allah ya bar su a kwali, kada ya kwance ko noti ɗaya daga katinsa.