Garejin babura da ake kira na 'yan kaso a Marwa

Duk mai babur a Marwa, a arewacin Kamaru, ya san ciwon zuwa-zuwa, wato man bakin titi. Man nan na kwalba da ake sayarwa bakin titi yana da sauƙin kuɗi, amma wata rana da ruwa a ciki, wata rana da ƙasa, sai kabureta ta toshe, babur ya riƙa shaƙewa yana mutuwa a tsakiyar hanya. Nawa TVS ne, da shi nake zuwa koyarwa, kuma wannan cutar ce ta kai ni wani ƙaramin gareji a lungu, tsakanin unguwar Barmare da babbar kasuwa. Ba allo, ba suna a rubuce, rumfar kwano ce kawai da bishiyar dogon yaro. In ka tambayi 'yan acaɓa za su nuna maka, su ƙara da cewa garejin 'yan kaso ne, ka kula da aljihunka.

Aikinsu yana da kyau, wannan ba na ja. Yaron da ya karɓi babur ɗin bai ɗauki sufana ba sai da ya kira ni na tsaya a kansa. Ya zare tiyo, ya tsiyaye man tanki cikin gorar roba, ya ɗaga ta saitin rana ya ce, “Malam, duba iya man da ka zo da shi.” Ya ja layi da alli a jikin gorar. Ruwan ya kwanta a ƙasa, mai ya taso sama, kowa na gani. Ya kwance kabureta a kan tsumma mai tsabta, ya jera notuna bi da bi, ya wanke, ya hure ƙananan ramukan da bakinsa, ya canza filogi. Tsohon filogin kuma ya ƙulle a leda ya miƙo mini, ni da ban tambaya ba. Wankin kabureta sefa 1,000, filogi 1,000, juyen baƙin mai 500 in ka zo da manka. Tun daga nan babur ɗin da bugu ɗaya yake tashi.

Na tambayi maigidan wurin, dattijo ne mai ƙarancin magana, me ya kawo wannan tsantseni haka. Ya ce, “Malam, a wani gareji in noti ya ɓace, mantuwa ce. A nan in ya ɓace, sata ce.”

Yaransa biyu ne suka taɓa zaman gidan yarin Marwa, kuma labarinsu ba ɗaya ba ne, ko da yake unguwa ta haɗa su ta yi musu kuɗin goro. Ɗaya waya ya sata, an ɗaure shi, ya gama wa'adinsa, kuma ba ya musu. Ɗayan daga wajen Mora yake. An kwashe shi a kamen da ya biyo bayan bama-baman watan Yulin 2015, waɗanda suka tashi a babbar kasuwa da nan Barmare, saboda ba shi da katin shaida a jikinsa kuma harshensa na bakin iyaka ne. Lokacin dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamban 2014 ta fara aiki, wadda ta miƙa irin waɗannan shari'o'i ga kotun soja. Ya daɗe yana jiran shari'a, ƙarshe aka sake shi ba a same shi da komai ba. Takardar kotun nan da ake nema wurin ɗaukar aiki, mai nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci, tasa fara ce tas. A lungu kuwa har gobe ɗan Boko Haram ne. Tun da gwamnati ta kafa kwamitin karɓar makamai da mayar da tsofaffin mayaƙa cikin jama'a a Nuwamban 2018, aka fara jin labarin tubabbu a Mora da Meri, sai aka ƙara masa wannan sunan ma, shi da bai taɓa riƙe bindiga ba.

Ban ga laifin mutanen Barmare gaba ɗaya ba. Sun binne 'yan uwansu, tsoronsu yana da tushe. Abin da ke ba ni mamaki kawai shi ne saurin mantuwarmu. A waɗannan shekarun, duk wanda ya sauka Yawunde ko Duwala da jallabiya da gemu ya san irin kallon da aka yi masa a tasha. A kudu kowane Musulmin arewa Bahaushe ne, ko Bafulatani ne ko Babarbare, kuma wake ɗaya ya ɓata mana gari duka. Mun ji zafin abin, muka dawo gida muka sami wanda za mu yi wa irinsa.

Ga inda suka gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Ba sa kwana da babur ɗin kowa. In aikinka na inji ne mai cin kwana biyu, da magariba za ka tura abinka gida a ƙafa, ka dawo da shi da safe. Ba sa taɓa babur sai sun ga takardunsa, don haka in ka manta su a gida ka yi zuwan banza. Ba sa karɓar kuɗin kaya a hannu. In sarƙa ce ko birki, kai za ka shiga kasuwa ka sayo, a ranar Afrilun Marwa da zafi ke haura digiri 40. Maigidan ya ce duk abin da ya ɓace a unguwa rumfarsa ake fara dubawa, kuma babur ɗin da ba a ga mai shi ba ya isa a kwashe yaransa duka. Hujja ce, na yarda, amma mai babur ne ke biyan ta da guminsa. Ga jinkiri, tunda kowane noti sai an nuna maka. Benci guda ne, ƙafarsa ɗaya bulo ce. Yaran kuma ba su da doguwar gaisuwa, ba sa kallon idon mutum, wanda bai san dalili ba zai ce girman kai ne.

A da akwai yaro na uku, shi ne gwanin waya da fitila. Bai taɓa shiga kaso ba, zama da su kawai ya ja masa. Wayar wata mata ta ɓace a lungun, matasan unguwa suka yi masa dukan kawo wuƙa kafin a tambaye shi komai. Ba a ga wayar a wurinsa ba, ba kuma wanda ya zo ba shi haƙuri, sai ma aka ce ai hali zanen dutse ne. Abin da ya faɗa wa maigidansa ranar da ya ajiye sufana shi ne, “Baba, tunda kullum ni ne, gara in ci kuɗin sunan.” Yanzu yana bakin mayo, wato rafi, cikin masu shan tiramol, kuma an ce hannunsa ya fara ɗauke-ɗauke da gaske. Muna makarantar horon malamai an karantar da mu wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Edwin Lemert, wanda a 1951 ya raba laifin farko da laifin da mutum ke aikatawa bayan ya karɓi sunan da aka laƙaba masa. Wannan yaron ko na farkon bai yi ba aka tura shi na biyun. Waɗanda suka doke shi yau cewa suke yi, ai dama mun faɗa.

In za ka je, je da sassafe kafin 'yan acaɓa su cika wurin, ka riƙe takardun babur, ka sayi kayanka tun a hanya. Kabureta, birki, sarƙa da kuloci, ban san inda ya fi su ba a wannan farashin. In matsalarka ta waya ce ko fitila, nemi wani gareji, don tun da yaron nan ya tafi ba su sami mai hannunsa ba.