Sharhi kan Species+, Rumbun da ke Haɗa Sunan Kimiyya da Sunan Doka

Species+ rumbun bayanai ne na kyauta a intanet kan dabbobi da tsirran da yarjejeniyoyin duniya suka kare, wanda UNEP-WCMC, cibiyar sa ido kan kiyaye halittu ta shirin muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Kambrij a Ingila, ta buɗe a 2013 tare da sakatariyar CITES, wato yarjejeniyar da aka sanya wa hannu a Washinton a 1973 domin kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe. Amfaninsa mafi girma, a ganina, shi ne yana nuna sunan da doka ta amince da shi, ko da masana sun riga sun bar wannan sunan.

Pangolin, dabbar nan mai ɓawo a jiki da ke cin tururuwa da gara, ta isa misali. A taron CITES na 2016 a Johannasbag an mayar da duk nau'o'inta 8 zuwa Jadawali na 1, wato jerin halittun da yarjejeniyar ta fi tsananta karewa, abin da ya haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe don riba. Sai dai masana da yawa suna sanya nau'o'in Afirka 4 a ƙarƙashin sunayen Phataginus da Smutsia, alhali jadawalin ya rubuta su duka da Manis. Jami'in kwastan da takarda ta zo masa ɗauke da Smutsia gigantea zai iya duba jadawali bai ga sunan ba, ya ɗauka cewa dabbar ba ta cikin waɗanda aka kare. Idan ya nemi sunan a Species+, rumbun zai kai shi ga sunan da yarjejeniyar ta sani, ya nuna masa jadawalin, da shekarar da aka sanya dabbar a ciki, da duk wani takunkumin ciniki da ya shafe ta. Wannan kaɗai ya sa nake ganin bai kamata mai ba da lasisi ko mai gabatar da ƙara ya yi aiki ba tare da shi ba, domin kuskuren suna a takardar tuhuma ƙofa ce da mai fasa-ƙwauri zai nemi fita ta cikinta.

Inda rumbun ya gaza shi ne bayanin dalilin saɓani tsakanin sunan kimiyya da sunan doka. A 2021 IUCN, ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, ta fara ɗaukar giwar kurmi, Loxodonta cyclotis, a matsayin nau'i mai zaman kansa da ke dab da ƙarewa, amma har zuwa taronta na Panama a 2022, CITES tana haɗa giwayen Afirka a suna ɗaya. Mai karatu zai ga sakamakon irin wannan bambanci a rumbun, amma dalilinsa sai ya nema a takardun taro masu tsawo.

Haka kuma ba ya ɗauke da dokokin kowace ƙasa, waɗanda su ne kotu ke hukunci da su, kuma sukan daɗe da tsohon suna har sai majalisa ta yi gyara. Lauya zai fara bincikensa a nan, amma dole ya kammala shi a kundin dokokin ƙasar da ake shari'ar.