Shagon da ya hana ni shuka albasa a tiyo

Akwai wani ƙaramin shago kusa da kasuwar Katako a nan Yamai, inda wani matashi ke haɗa kayan noman cikin ruwa, wato shuka ba tare da ƙasa ba: tiyo mai ramuka, ƙananan kwanduna, famfon lantarki mai tura ruwa da takin da ake narkawa. Shi ya haɗa mini nawa a tsakar gida. Aikinsa tsaf, ba inda ke yoyo, amma abin da ya fi burge ni shawararsa ce.

Da niyyar albasa da tumatir na je. Ya ce, "Hajiya, albasar Galmi na cika kasuwa buhu-buhu, ita kuma ƙasa take so ta yi kai. Kuɗinki za ki zuba a ruwa." Tumatir ma ya ce in dakata: saiwarsa na toshe siririn tiyo, yana cin taki, kuma zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana kakkaɓe masa fure. Mai neman ciniki kawai da bai faɗa mini haka ba.

Abin da ya zaɓa mini ganye ne. Salati daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, wanda cikin wata guda da ƴan kwanaki bayan dashe ake tsinka. Da zafi ya shigo salatin ya miƙe sama ya yi ɗaci, kamar yadda ya gargaɗe ni, sai muka koma alayyahu da ɗoɗɗoya, masu jure rana. Na'ana'a kuwa ba ta san hutu ba, maƙwabta har aiko yara suke in za su dafa shayi.

Ya bayyana mini cewa ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take, saiwa ta ruɓe. Shi ya sa ya binne tankin ruwan a ƙasa, ya kafa rumfar raga. Saboda ɗaukewar wuta kuma ya ware mini bokitan shuka masu murfi da ba su bukatar famfo.

Inda na ga gazawarsa: takin yakan yanke masa, sai an jira. Kuma ba ya sayar da na'urar auna tsamin ruwa, alhali shi da kansa ya ce a riƙe tsamin tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin na'urar. Wannan ya kamata ya gyara. Wanda zai je, ya sayi takin da yawa tun farko, ya kuma fara a watan Oktoba.